Gidan Rawar Da Ya Zama Majalisar Talakawan Ikko

Duk wanda aiki ko karatu ya taɓa kai shi Ikko ya san cewa mutanen garin ba su barci lokaci ɗaya. Sa'ad da ma'aikatan ofis ke kokawar shiga mota don su koma gida, a sa'an nan ne waɗansu dubban bayin Allah ke ɗaura ɗamarar fita neman abinci. Masu tsire na hura gawayi, mata na ɗora tukwanen farfesu, direbobin tasi na wanke motocinsu, makaɗa kuma na gyara kayan sana'arsu. Gidajen rawa da mashaya a Ikko sun fi gaban a ƙirga, galibinsu kuwa yau a buɗe gobe a rufe, ba mai tuna sunansu. Amma akwai guda ɗaya da ya fita daban. Hukuma ta rufe shi, ta ɗaure mai shi, soja sun ƙone gidan da ke kusa da shi, an sāke masa mazauni har sau biyu, duk da haka fiye da shekara hamsin ke nan sunansa bai ɓace ba. Wannan shi ne Afrika Shrine, gidan rawar marigayi Fela Anikulapo Kuti.

Watakila mai karatu ya ce, me ya haɗa jarida irin wannan da labarin mashaya, alhali kuwa addini ya haramta mana giya, al'ada kuma ta hana yawon dare? Gaskiya ne, ba kuwa tallar wurin za mu yi ba. Abin da ya sa labarinsa ya cancanci a ba da shi, shi ne a cikin wannan gida ne talakan babban birnin Nijeriya na wancan zamani ya riƙa jin ana faɗin abin da ke ransa a fili, a lokacin da aka rufe sauran ƙofofin magana. Yadda hukuma ta yi da wurin, da yadda mai wurin ya yi da kansa, duka biyu akwai abin lura a cikinsu ga ma'aikacin gwamnati da kuma ɗan makaranta.

Asalin mai gidan

An haifi Fela a Abekuta ran 15 ga Oktoba, 1938, a gidan ilmi da faɗa a ji. Mahaifinsa, Rabaran Israel Ransome-Kuti, shi ne shugaban babbar makarantar sakandare ta garin, shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya. Mahaifiyarsa Funmilayo ita ce ta ja ragamar matan Abekuta a kan zancen haraji, har Alake na lokacin ya sauka daga gadon sarauta na ɗan wani lokaci a 1949. 'Yan'uwansa maza biyu, Olikoye da Beko, likitoci ne. Shi kuwa da aka tura shi Ingila a 1958, sai ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Trinity a Landan.

Ya komo gida a 1963, ya taɓa aiki a gidan rediyon Tarayya, yana kuma kiɗa da dare tare da ƙungiyarsa mai suna Koola Lobitos. A wancan zamani kiɗan hailaif ne ke tashe a Ikko, manyan makaɗa irin su Bobby Benson da Victor Olaiya su ke riƙe da gari, Fela kuwa bai yi wata kasuwa ta a zo a gani ba. Sai a 1969 ya tafi Amurka da mutanensa, suka yi wata goma suna fama da rashi. A can ne wata baƙar fatar Amurka mai suna Sandra Smith ta ba shi littattafan 'yan gwagwarmayar baƙar fata, musamman tarihin Malcolm X. Ya tafi Amurka yana waƙoƙin soyayya da na miya, ya komo a 1970 da wata manufa dabam, da wani sabon kiɗa da ya raɗa wa suna Afrobeat, watau kiɗan Afirka.

Da farko sunan wurin da ya ke wasa Afro-Spot. A farkon shekarun 1970 ya koma tsakar gidan otal ɗin Empire a Idi-Oro, cikin unguwar Mushin, ya sāke wa wurin suna Afrika Shrine. Kalmar nan ta biyu ma'anarta ɗakin bauta irin na gargajiya. Ya zaɓe ta da gangan, domin a ganinsa wurin ya wuce kulob irin na Turawa inda a ke zuwa a sha a yi rawa a watse. Unguwar da ya zaɓa ma abin dubawa ce. Ya bar Ikoyi da sauran unguwannin manya, ya shiga tsakiyar lebura da 'yan kamasho da 'yan tireda, inda mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya.

Yadda dare ke tafiya

Tun kafin mutum ya isa ƙofa, titin da kansa ya riga ya zama kasuwa. Fitilun aci-bal-bal jere a kan tebura, ga masu tsire, waɗanda a Ikko galibi 'yan Arewa ne, ga masu soyayyen kifi da doya da shinkafa, ga masu taba da goro da barasa iri iri. Iyalai da yawa da wannan kasuwar dare su ke ci, su ke biyan kuɗin haya da na makarantar yara. A ciki kuwa fili ne, rufin kwano ya rufe gefe gefe, tsakiya sararin Allah. An jera tebura da kujeru, ga wurin rawa a gaban dandamali, ga waɗansu 'yan dakalai masu tsawo inda 'yan mata ke hawa suna rawa ɗaya bayan ɗaya. A wani ɓangare an keɓe wurin da Fela ya ke yin tsafe-tsafensa, an kafa hotunan su Kwame Nkrumah da Malcolm X, daga baya aka ƙara da na mahaifiyarsa.

Makaɗa su kan fara tun wajen sha ɗaya na dare, suna ɗumama wuri. Shi gogan ba ya fitowa sai dare ya raba, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu. Gidansa na tsallaken babban titin Agege, saboda haka in zai taho sai a tsai da motoci, jama'a na biye da shi ana sowa, wani lokaci ma a kan jaki ya ke ƙetarowa. In ya hau dandamali ba a tashi sai gari ya waye.

Ƙungiyar kiɗan, wadda a lokacin a ke kira Africa 70, runduna ce guda: masu bushe-bushe, da masu jita, da masu ganguna manya da ƙanana, da 'yan amshi mata. Mai riƙe da ragamar ganguna shi ne Tony Allen, wanda masana kiɗa na duniya suka sallama wa, ya kuwa rasu a Faris a 2020. Waƙa ɗaya ta kan ci minti ashirin ko rabin sa'a. Za a daɗe ana kiɗa zalla, Fela na busa ƙahon nan na Turawa da a ke kira saksafon, sai jiki ya ɗauka sosai sa'an nan ya buɗe baki. Yana da wata ƙa'ida mai ban mamaki: da zarar ya sa waƙa a faifai, to, ya daina yin ta a gaban jama'a, komai roƙon da za a yi masa. Saboda haka wanda ke son jin sabon abu dole ya zo Shrine da ƙafarsa, watanni kafin faifan ya shiga kasuwa.

Kowace rana da irin tsarinta. Talata mata ke shiga kyauta. Asabar ce ranar cikakken wasa, 'yan rawa su yi ado da kwalliya, a yi tsafe-tsafe. Lahadi a kan fara da wuri don masu zuwa aiki Litinin. Amma daren da ya fi damun hukuma shi ne na Jumma'a.

Majalisar da ba a zaɓa ba

Daren Jumma'a shi ne daren "yabis". Kalma ce ta Turancin Buroka, ma'anarta kuwa ta yi kusa da abin da mu ke kira zambo da ba'a. Fela ya kan tsai da kiɗa, ya riƙe lasifika, ya fara da yi wa kansa ba'a, ya yi wa 'yan kallo, su ma su rama. In an gama dariya sai ya juya kan masu mulki. Ya ɗauko jaridar ranar ya karanta, ya warware abin da ke ƙarƙashin labarin, ya kama sunan mai laifi ko wane ne shi. Bahaushe ya san zambo, ya san kuma cewa maroƙi ya kan faɗi abin da bafade ba shi da bakin faɗi. Bambancin shi ne makaɗin fada yana da ubangida, in ya yi zambo don ya ɗaga ubangidan ne a kan abokin hamayya, kuma ya kan saya suna. Fela ba shi da ubangida, kuɗin ƙofa da na faifai ke riƙe da shi, ba ya kuwa sayawa.

Kafin a gane dalilin da ya sa wannan ba'a ta yi ƙarfi haka, sai a tuna halin da ƙasa ke ciki. Tun daga Janairun 1966 har zuwa Oktoban 1979 babu majalisar dokoki a Nijeriya, an soke jam'iyyun siyasa. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya bar soja wajen dubu ɗari biyu da hamsin, barikoki ba su ishe su ba, da yawansu na zaune cikin gari tare da farar hula, suna zane direbobi da bulala a kan titi. Kuɗin man fetur ya shigo kamar ruwan sama, aka yi ƙarin albashin Udoji, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, a 1975 kuma ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko. Ɗan jarida kuwa na taka-tsantsan, don a 1973 an aske wa wani kai a Fatakwal, aka yi masa bulala 24, saboda labarin koken malaman makaranta da ya fito ranar bikin haihuwar gwamna. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na jaridar Daily Times, ta kuma karɓi New Nigerian.

A irin wannan hali ne mutum ɗaya ya tsaya a tsakar gidan otal yana faɗin abin da kowa ke raɗa. Ya kuwa zaɓi Turancin Buroka, harshen kasuwa da tasha, don Bayarabe da Ibo da Bahaushe da mutumin Gana duk su ji. A tebur ɗaya sai ka ga ɗalibin jami'a da makanike da lauya, har da ƙananan ma'aikatan gwamnati waɗanda gobe da safe za su koma ofisoshin da a ke zagi. Wani abin lura kuma shi ne, biyu daga cikin waɗanda ya fi caccaka, Janar Olusegun Obasanjo da Cif M.K.O. Abiola, mutanen garinsu ne na Abekuta. Saboda haka ba a iya cewa ƙabilanci ne ke ɗawainiya da shi ba.

Hukuma ba ta zuba ido ba. Dokar soja ta 1966 ta tanadi ɗaurin shekara goma ga wanda aka kama da tabar wiwi, kowa kuma ya san ana shanta a fili a wajen Fela. A 1974 'yan sanda suka kama shi, suka tsare shi a ofishinsu na Alagbon, a wani ɗaki da fursunoni ke kira Kalakuta. Da ya fito sai ya kewaye gidansa da waya, ya sa masa suna Jamhuriyar Kalakuta, ya ce ƙasa ce mai zaman kanta. A watan Nuwamba na shekarar 'yan sanda suka sāke dira gidan, suka yi masa dūka har ya kwanta asibiti. Da aka sake shi, dubban mutane ne suka rako shi har ƙofar Shrine. Kowane kamu sai ya zama sabuwar waƙa, kowace waƙa kuma ta ƙara cika gidan rawar.

Baƙi daga ƙetare

Sunan wurin bai tsaya a Ikko ba. Makaɗan James Brown, da suka zo wasa Nijeriya a 1970, sun je sun saurari Fela. Ginger Baker, shahararren mai ganga na Ingila, ya zauna a Ikko, sun kuma yi faifai tare. A 1973 Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya zo ɗaukar faifai a Ikko, ya ziyarci Shrine, ya kuwa sha faɗi daga baya cewa kiɗan da ya ji a daren nan ya sa shi hawaye.

Ƙarshen ɗaukaka da mafarin masifa duk sun zo ne a 1977. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda mutanen Arewa ke tunawa saboda gagarumin hawan daba da aka yi a Kaduna. Ƙasashe fiye da hamsin suka turo wakilai. An sa Fela cikin kwamitin shirye-shirye, amma ya fice, ya ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Sai ya buɗe nasa bikin a Shrine. Da rana baƙi na Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da gwamnati ta gina a Iganmu, da dare kuwa sai su sulale zuwa Mushin, cikinsu har da Stevie Wonder na Amurka da Gilberto Gil na Barazil. A gaban waɗannan baƙi da 'yan jaridun duniya Fela ya riƙa tsiraita gwamnati dare bayan dare. A lokacin kuma waƙarsa mai suna Zombie na tashe, wadda a cikinta ya kamanta soja da gawar da aka tayar da tsafi, ba ta motsi sai an ba ta umurni. Yara suka ɗauka, suna tsokanar soja da ita a kan titi.

Ranar 18 ga Fabrairu

Kwana shida bayan rufe bikin, wata hatsaniya ta haɗa yaran Fela da soja a kan zancen tuƙi a titin Agege. Soja suka zo suka ce a miƙa musu yaran, Fela ya ƙi. Kafin la'asar soja wajen dubu sun kewaye Kalakuta. Suka cinna wa injin wutar gidan wuta, suka karya shinge, suka shiga da gindin bindiga. An yi wa Fela jina-jina, an karya ƙanensa Dokta Beko wanda ke da ɗakin shan magani a gidan, an ci mutuncin mata. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara 76, wadda ta yi wa ƙasar nan gwagwarmayar neman mulkin kai, aka jeho ta ta taga daga bene. Sa'an nan aka ƙone gidan ƙurmus, da motoci da kayan kiɗa da faya-fayan da ba a riga an fitar ba.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Abin da ya fito daga ciki shi ne wai wani soja ne da ba a san ko wane ne ba ya sa wutar. Ba a hukunta kowa ba. Iyalin suka kai ƙara suna neman diyyar Naira miliyan 25, kotu ta kori ƙarar. Aka ƙwace filin, aka rufe Shrine. Funmilayo ba ta sāke samun lafiya ba har ta rasu ran 13 ga Afrilu, 1978. Gab da soja za su miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a 1979, Fela da mutanensa suka ɗauki akwatin gawa suka kai ƙofar Barikin Dodan, fadar Shugaban Ƙasa, suka ajiye.

In manufar harin ita ce a rufe bakin mutumin, to, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin 1977 Fela mawaƙi ne mai tsaurin ido wanda mutane da yawa ke ɗauka ɗan iska. Bayan 1977 ya zama wanda aka zalunta, duniya duka ta san sunansa, maganar nan ta sojan da ba a sani ba kuma ta zama karin magana a bakin 'yan Nijeriya duk sa'ad da hukuma ta yi ɓarna ta nemi ɓoyewa.

Ikeja da kurkuku

Bayan ɗan zaman gudun hijira a Gana, inda nan ma aka kore shi a 1978, Fela ya sāke buɗe Shrine a titin Pepple cikin Ikeja. Ya kafa jam'iyyar siyasa mai suna MOP don ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista. Ya sāke wa ƙungiyar kiɗansa suna Egypt 80, ya kuma riƙa zagaya jami'o'i yana yi wa ɗalibai lacca.

A watan Satumba na 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, aka kama shi a filin jirgin sama na Ikko yana shirin tafiya wasa Amurka, aka tuhume shi da laifin fita da kuɗin ƙasashen waje, aka yanke masa shekara biyar. Ya zauna a gidajen kurkuku dabam dabam, har da na Maiduguri. Ƙungiyar Amnesty ta ce fursunan siyasa ne. Ɗansa Femi ne ya riƙe makaɗa da gidan rawar har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake shi a watan Afrilu na 1986.

Ɓarnar cikin gida

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Gidan da a ke wa'azin 'yanci a cikinsa, shi ne kuma gidan da hayaƙin wiwi ke turnuƙewa har ya rufe fitila. Yara da yawa sun gudo daga gaban iyayensu, sun bar makaranta, sun tare a Kalakuta, ba duka ne kuwa suka zama makaɗa ba. Maƙwabta sun sha kuka da fitinar 'yan iskan da ke fakewa da sunan Fela. Shi kansa mai zagin masu mulkin kama-karya, a cikin gidansa sarki ne mai cikakken iko, yana yanke hukunci, yana sa a yi horo. A 1978 ya auri mata 27 rana ɗaya, daga baya ya sake su. A wannan shekara kuma, bayan wani wasa a birnin Balin na Jamus, yawancin makaɗansa suka watse suka bar shi saboda rigimar kuɗi, Tony Allen ma ya kama gabansa.

Mafi muni shi ne yadda ya yi da cutar ƙanjamau. Ya ƙaryata ta, ya yi wa hanyoyin kariya ba'a a gaban dubban matasan da ke ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa, da ciwo ya kama shi kuma ya ƙi maganin asibiti. Ya rasu ran 2 ga Agusta, 1997, yana da shekara 58. Kashegari wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya tara 'yan jarida ya faɗa musu gaskiyar abin da ya kashe ƙanensa. A lokacin iyalai na ɓoye wannan cuta kamar abin kunya, saboda haka maganar tasa ta buɗe idon mutane da yawa. Mutumin da soja dubu suka kasa kashewa, abin da ya kai shi ƙasa daga cikin gidansa ya fito. Ranar jana'izarsa jama'a ta cika Dandalin Tafawa Ɓalewa da titunan Ikko maƙil, galibinsu talakawa.

Sabon Shrine

Bayan rasuwarsa masu filin titin Pepple suka karɓi abinsu. 'Ya'yansa biyu, Yeni da Femi, suka gina wani sabon wuri a Agidingbi, nan cikin Ikeja, suka buɗe shi a shekarar 2000 da sunan New Afrika Shrine. Babban zaure ne mai rufin kwano, mai ɗaukar mutum wajen dubu biyu, da wurin sayar da abinci da abin sha, bango kuma cike da hotunan mazajen Afirka. Femi da ƙanensa Seun, wanda ya gāji ƙungiyar Egypt 80 yana ɗan shekara 14, sun ci gaba da wasa a wurin. Tun 1998 kuma a ke yin bikin tunawa da Fela mai suna Felabration a makon haihuwarsa cikin Oktoba.

Tsakanin gidan da hukuma ba a rasa 'yar tsama ba. A 2009 Gwamnatin Jihar Legas ta rufe shi na 'yan kwanaki, ta ce saboda ƙara da cunkoson motoci da 'yan tireda. Amma zamani riga ne. A 2012 aka mai da gidan Fela na ƙarshe, inda kabarinsa ya ke, gidan tarihi, da taimakon kuɗin gwamnatin jihar. A watan Yuli na 2018 Shugaban Faransa Emmanuel Macron, wanda ya taɓa zaman koyon aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Nijeriya, ya zo Shrine da dare, Gwamnan Legas na gefensa. A 2025 masu ba da kyautar Grammy a Amurka suka sa faifan Zombie cikin jerin faya-fayan tarihi, watau faifan nan da ya jawo aka ƙone gida.

Abin lura

Ma'aikacin gwamnati da ya karanta wannan labari ya kamata ya tambayi kansa, me ya cika Shrine da mutane? Giya da rawa akwai su a kowane lungu na Ikko, da arha ma. Abin da babu a sauran wuraren shi ne mai faɗin gaskiya game da famfon da ba ruwa, da fayil ɗin da ba ya motsi sai an ba da goro, da bulalar soja a kan titi. Koken da aka hana shi shiga ofis da rana, shi ne ya koma mashaya da dare, a can kuwa ba mai iya tace shi. Da an saurari mutane a inda ya dace, da Fela bai sami rabin jama'ar da ya samu ba. In kuwa gidan rawa ya saɓa doka, akwai lasin, akwai kotu, akwai 'yan sanda. Ranar da hukuma ta bar waɗannan ta ɗauko fetur da ashana, ranar ta sayar da mutuncinta, ta kuma saya wa abokin gābarta suna.

Ɗalibi kuma, wanda jininsa ke tafasa in ya ga zalunci, ya dubi ƙarfin halin mutumin nan ya ɗauka, ya dubi sauran halayensa ya bar masa. Mai faɗa wa sarki gaskiya ba lalle ne duk abin da ya faɗa ya zama gaskiya ba, maganarsa a kan ƙanjamau ta isa misali. Daga gida ɗaya aka sami Fela da Olikoye da Beko, kowannensu ya yi wa ƙasar nan aiki ta hanyarsa, biyu daga ciki kuwa da karatun da suka tsaya suka gama ne suka yi nasu.

Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, Ya kuma kiyaye mana 'ya'yanmu, amin.